Labarin Zuciya a Tambayi Fuska? Tarken Zanen Kai na Rembrandt

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan karin magana ta ɗauka cewa akwai hanya miƙaƙƙiya daga abin da ke ƙunshe a ƙirjin mutum zuwa abin da ke bayyana a goshinsa da idanunsa, ta yadda duk mai lura zai iya binta ya iske gaskiya. Sai dai kuma su Hausawan ne suka ce zuciyar mutum birninsa, watau wuri ne mai ganuwa da ƙofa, ba a shigarsa sai da iznin mai shi. Tsakanin waɗannan maganganu biyu matsalar wannan maƙala take. Idan mai fasaha ya zauna gaban madubi ya zana fuskarsa da hannunsa, shin abin da ya fito a jikin ƙyallen labarin zuciyarsa ne, ko kuwa ƙofar birnin ce kawai, wadda ya yi wa ado yadda yake so baƙo ya gani?

Domin a auna wannan tambaya an zaɓi aikin Rembrandt van Rijn, mai zanen nan na ƙasar Holand wanda aka haifa a birnin Leiden a 1606, ya rasu a Amsterdam a 1669. Dalilin zaɓensa shi ne, a zamaninsa babu wanda ya kai shi yawan zana kansa. Abin da ya rage na irin wannan aiki nasa ya tasar wa tamanin: kimanin arba'in na fenti, fiye da talatin na bugun tagulla, da kaɗan na alƙalami, kuma sun ratsa shekaru wajen arba'in na rayuwarsa. Za a fara kawo ra'ayoyi biyu da masana suka rabu a kansu, sannan a feɗe zane-zanen kansu mataki-mataki, daga nan a faɗi inda ake ganin gaskiyarsu take.

2.0 Ra'ayoyi Biyu na Masana

Ra'ayi na farko shi ne wanda ya yi rinjaye tun daga ƙarni na 19 har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Masu wannan ra'ayi, irin su Jakob Rosenberg a littafinsa na 1948, sun ɗauki zane-zanen a matsayin tarihin rayuwa da aka rubuta da buroshi, da kuma neman sanin kai. Ba a rasa abin da ya ja su ga haka ba, domin rayuwar Rembrandt ta yi daidai da abin da ake nufi da duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Ɗan mai niƙa ne, ya koma Amsterdam wajen 1631, ya yi suna cikin ƙanƙanin lokaci, ya auri Saskia van Uylenburgh a 1634, ya sayi babban gida a 1639 a kan gilda 13,000. Daga nan al'amura suka juya. 'Ya'yansa uku suka rasu suna jarirai, Saskia ta rasu a 1642, bashi ya kai shi ga miƙa dukiyarsa ga hukuma a 1656, aka yi gwanjon kayansa da gidansa. Hendrickje Stoffels, wadda ta zauna da shi bayan Saskia, ta rasu a 1663, ɗansa Titus kuma ya bi ta a 1668. Wanda ya san wannan labari, in ya dubi fuskar tsohon, da wuya ya ƙi ganin baƙin ciki a cikinta.

Ra'ayi na biyu ya ƙarfafa ne a ƙarshen ƙarni na 20, musamman ta bakin Ernst van de Wetering, wanda ya daɗe yana jagorancin kwamitin binciken ayyukan Rembrandt da aka kafa a Holand a 1968. A lokacin baje kolin zanen kai na Rembrandt da aka yi a Landan da birnin Hague a 1999 ya kawo hujja cewa tunanin mai fasaha yana tonon zuciyarsa gaban madubi tunani ne na zamanin baya-bayan nan, wanda aka ɗora wa mutumin ƙarni na 17. A ganinsa kasuwa ce ta haifar da yawan zane-zanen. Akwai masu sha'awar fasaha da ke son su mallaki abu biyu a lokaci guda, watau fuskar shahararren mai zane da kuma samfurin salon hannunsa, zanen kai kuwa ya haɗa duka biyun. Tarihi ya goyi bayansa ta wani fanni: kafin 1640 Sarki Charles na Ɗaya na Ingila ya mallaki ɗaya daga cikinsu, kuma Cosimo de' Medici na Florence, wanda danginsa suka shahara da tara zanen kai na masu fasaha, ya ziyarci Rembrandt a 1667. A tsakanin ra'ayoyin biyu akwai na H. Perry Chapman, wadda a littafinta na 1990 ta nuna cewa Rembrandt yana gina wa kansa matsayi ne a idon jama'a ta hanyar sauya kama da sutura.

Abin lura kafin a ci gaba shi ne, Rembrandt bai bar wani rubutu da ya bayyana abin da yake ji game da kansa ba. Wasiƙu bakwai kaɗai suka rage nasa, dukkansu zuwa ga Constantijn Huygens, sakataren Yarima Frederik Hendrik, kuma maganar aiki da biyan kuɗi ce ta cika su. Ke nan shaidar da ake da ita ita ce zanen kansa.

3.0 Fuska a Matsayin Allon Koyo: 1625 zuwa 1630

A 1630, yana da shekara ashirin da huɗu, Rembrandt ya yi jerin ƙananan hotuna na bugun tagulla. Yadda ake wannan aiki shi ne, a shafe farantin tagulla da wani irin kaki, a yi zane a kansa da allura, a tsoma shi cikin ruwan asid ya ci wuraren da allura ta bi, sannan a shafa tawada a danna a kan takarda. A ɗaya daga cikin hotunan ya zare ido ya tsuke baki kamar wanda ya firgita, kuma girman hoton bai wuce santimita biyar ba. A wani yana dariya, a wani ya murtuke fuska, a wani kuma ya buɗe baki kamar mai ihu saboda zafi.

A nan ne motsin rai ya fi fitowa fili a duk zanen kansa, kuma a nan ne ya fi nisa da abin da za a kira labarin zuciya. Babu mai hankalin da zai ce saurayin ya firgita ne a lokacin da yake riƙe da allura yana jan layi a natse. Koyo yake yi. Babban burin mai zane a wancan zamani shi ne ya iya zana labaran tarihi da na littattafan addini, inda ake bukatar a ga tsoro da nadama da murna a fuskokin mutane, kuma babu wanda zai zauna masa kyauta yana sauya fuska sai shi kansa. Almajirinsa Samuel van Hoogstraten, a littafin koyar da zane da ya buga a 1678, ya shawarci masu koyo da su riƙa kwaikwayon motsin rai gaban madubi, su zama su ne 'yan wasa kuma su ne 'yan kallo. Hujja mafi ƙarfi ita ce, fuskar nan mai buɗaɗɗen baki ta sake bayyana a shekarar a jikin wani almajiri mai tsumma da ya zana zaune a kan tudu. Watau fuskar kayan aiki ce da ake ɗauka daga nan a kai can.

Wannan horo ya yi amfani. Huygens ya yaba matuƙa da zanen Yahuza yana mayar da azurfa talatin, wanda Rembrandt ya yi a 1629, saboda yadda nadama ta bayyana a jikin mutumin. Shi kuma Rembrandt, a wasiƙarsa ta Janairun 1639, ya ba da uzurin jinkirin wasu zane biyu da cewa ya yi ƙoƙarin sanya musu motsi mafi girma kuma mafi kusa da ɗabi'a. Masana sun yi saɓani ko motsin jiki yake nufi ko na rai, amma ko wanne ne, maganar ta nuna cewa a wurinsa motsi abu ne da ake sanyawa cikin aiki da dabara da ɓata lokaci. Darasi na farko ke nan: ƙarfin bayyanar motsin rai a zane ba shaida ba ne a kan cewa mai zanen ya ji shi.

4.0 Sutura da Tsari: 1633 zuwa 1648

Da suna ya samu, sai hankalinsa ya koma daga fuska zuwa sutura da tsayuwa. Ya zana kansa da sulken wuya kamar soja alhali bai taɓa zuwa yaƙi ba. Ya zana kansa da shigar mutanen gabas. Wajen 1635 ya fito da takobi a ƙugu da kofi a sama, Saskia na zaune a cinyarsa, a kamannin ɗan nan mai almubazzaranci na cikin Linjila. A zanen ɗaga gicciye na wajen 1633, wanda ke birnin Munich, ya sa fuskarsa a kan ɗaya daga cikin masu ɗagawar.

Misali mafi bayyana tsari shi ne zanen 1640 da ke Gidan Zane na Ƙasa a Landan. A watan Afrilun 1639 an yi gwanjon hoton Baldassare Castiglione, aikin Raphael, a Amsterdam, aka sayar da shi gilda 3,500. Rembrandt ya yi ɗan zanensa a takarda, ya rubuta farashin a gefe. Wanda ya saya, Alfonso Lopez, yana kuma da wani hoton na Titian, na wani mutum da ya jingina hannu a kan dakali. Shekara guda bayan haka sai ga Rembrandt ya fito a irin wannan jingina, sanye da tufafin da aka daina yayinsu tun kusan shekara ɗari da suka wuce. Babu wani abu a hoton nan da ya faɗo bisa tsautsayi. Magana ce ake yi da tufa da gwiwar hannu, cewa ɗan mai niƙa na Leiden ya isa ya zauna a sahun manyan Italiya.

Shin wannan ƙarya ce? In ana nufin ko haka yake shiga kasuwa, to, ba haka yake shiga ba. Amma burin da ya sa shi ara wannan riga na gaske ne, kuma hoton ya fallasa shi sarai. Manazarcin adabin baka ya san irin wannan a kirari: mai kirari yana kiran kansa da abin da bai zama ba, duk da haka daga abin da ya zaɓa ya kira kansa ake gane abin da yake so a ɗauke shi. Darasi na biyu ke nan: rigar aro ma tana da gaskiyar da take faɗa, sai dai gaskiyar buri ce, ba ta hali ba. A 1648 kuwa, bayan wasu shekaru da ya rage zana kansa, ya fito a bugun tagulla zaune kusa da taga cikin kayan aiki, yana zane. Wasu sun ce a nan ya tuɓe rigar aro. Amma a lura, fitowa a matsayin ma'aikaci mai sauƙin kai ita ma zaɓi ce, kuma an tsara ta kamar yadda aka tsara ta 1640.

5.0 Shekarun Ƙarshe: 1658 zuwa 1669

Zane-zanen wannan lokaci su ne ginshiƙin ra'ayi na farko, saboda haka a nan ya kamata a gwada shi. A 1658, shekarar da ake sayar da gidansa, Rembrandt ya yi zanen kansa mafi girma, wanda ke gidan tarin Frick a New York. Da fuska tana bin zuciya kai tsaye, da an sa ran ganin karyayyen mutum. Abin da aka gani kuwa shi ne ƙasaitaccen mutum zaune kamar sarki a gadon mulki, sanye da riga mai ruwan zinariya da jan ɗamara, riƙe da sanda, ya cika ƙyallen daga gefe zuwa gefe. Masu ra'ayi na farko suka ce ai wannan jarumtaka ce ta wanda ya ƙi sallamawa. To amma da ya fito cikin tsumma da sun ce ga baƙin ciki nan ƙarara. Fassarar da kowace irin shaida ke tabbatar da ita, fari ko baƙi, ba daga zanen ta fito ba, daga tarihin da mai kallo ya zo da shi ta fito.

Akwai kuma matsalar madubi. Mutumin da ya ƙura wa kansa ido sa'o'i da yawa yana auna inuwa da haske, fuskar da zai gani ita ce fuskar mai ƙura ido: gira a haɗe, baki a rufe, kallo a tsaye. Mai kallo na iya karanta wannan a matsayin tunani mai zurfi ko damuwa, alhali wani kaso nasa yanayin aikin ne kawai. Bugu da ƙari, binciken da aka yi da hasken eksire a kan zanen 1669 na Landan, wanda ya yi yana da shekara sittin da uku, ya nuna cewa da farko ya zana kansa riƙe da buroshi, daga baya ya shafe ya haɗa hannayen wuri guda. Natsuwar da mutane ke gani a hoton a matsayin miƙa wuya ga ajali, gyara ce da aka yi bayan an gwada wata hanyar ba ta gamsar ba. Har a waɗannan shekaru bai daina sauya kama ba, domin a 1661 ya fito a matsayin Manzo Bulus, a wani zanen da ke birnin Cologne kuma ya fito yana dariya, a kamannin da masana da yawa suka ɗauka na Zeuxis ne, mai zanen Girka na dā.

Daɗin daɗawa, akwai darasi a cikin abin da ya faru da wani hoton ƙuruciyarsa na wajen 1629 da ke gidan Mauritshuis a Hague. An daɗe ana yabonsa a matsayin aikin hannunsa, ana ɗaukar makamancinsa na birnin Nuremberg a matsayin kwafi. A ƙarshen shekarun 1990 bincike da na'ura ya gano wani shacin zane a ƙarƙashin fentin na Hague wanda bai dace da yadda Rembrandt ke aiki ba, sai hukunci ya juya: na Nuremberg ne na asali. Ke nan duk abin da masu kallo suka daɗe suna ji na haɗuwa da ran saurayin a gaban hoton Hague, wani hannu ne dabam ya jawo musu shi.

6.0 Inda Gaskiyar Take

Duk da haka, kuskure ne a tsaya a kan ra'ayi na biyu a ce magana ta ƙare. Kasuwa tana iya bayyana dalilin da ya sa aka yi zanen, amma ba ta bayyana dalilin da ya sa aka yi shi haka ba. Masu zane da yawa sun sayar da fuskokinsu, akasarinsu kuwa sun gyara ta kafin su kai ta kasuwa. Rembrandt bai gyara ba. A zanen 1659 da ke Washington, da na gidan Kenwood a Landan, da na 1669, hancin nan mai kauri yana nan yadda yake, fatar kumatu ta saki, ƙasan ido ya kumbura, furfura ta fito a hargitse. Ya tara fenti mai kauri a goshi da hanci inda haske ya sauka, har ya yi amfani da gindin buroshi ya kankare ɗanyen fenti don ya fitar da silin gashi. Tufafin kuwa sau da yawa 'yan shafe-shafe ne kawai. Watau duk ƙoƙarin ya tattara ne a wurin da mai son kansa zai fi so a rufa masa asiri.

A nan ne ake ganin sahihancin aikin yake. Rembrandt ya yarda ya yi wa mai kallo wasa da riga da hula da matsayi, amma bai yarda ya yi wasa da abin da idonsa ya gani a madubi ba. Ƙarfin zanen 1658 daga karon waɗannan abubuwa biyu yake tasowa: rigar ta sarki ce, fuskar kuwa ta mutum ce mai shekara hamsin da biyu wanda gajiya ta kama. Da rigar kaɗai ce, da alfahari ne. Da fuskar kaɗai ce, da neman tausayi ne. Da aka haɗa su sai kowace ta hana ɗaya yin ƙarya. Abin sha'awa kuma shi ne, a ƙuruciya ya zana motsin rai masu suna, tsoro da fushi da dariya, a tsufa kuwa ya zana fuskar da ba a iya ba ta suna guda. A 1668 Charles Le Brun yana gabatar da lacca a Paris inda ya tsara wa kowane motsin rai siffarsa ta gira da baki kamar ƙa'idar nahawu. Rembrandt ya bi ta wannan hanya tun 1630 ya wuce ta. Ya bar ido cikin inuwa, ya bar baki tsakanin magana da shiru, don haka kowane mai kallo yake samun wurin zuba nasa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa inda motsin rai ya fi bayyana a zanen kai na Rembrandt koyon sana'a ne, inda sutura ta fi ƙasaita neman matsayi ne, inda kuma aka fi ganin baƙin ciki akwai hannun tsari da gyara da kuma abin da mai kallo ya sani tun kafin ya duba. Wannan bai rage darajar aikin ba, sai dai ya sauya wurin da za a nemi gaskiyarsa. Ba a daidaituwar fuska da tarihin rayuwa take ba, domin wannan ba shi da mai shaida. Tana cikin amanar kallo, wadda kowa zai iya tabbatarwa da idonsa.

Amfanin wannan ga ɗalibin adabi a bayyane yake. Duk lokacin da mawaƙi ko marubuci ya ce "ni", akwai jarabar a ɗauki maganar a matsayin ikirari, a tafi tarihinsa a nemo mata dalili, sannan a dawo a ce an gano ta a cikin matani. Tambayar da ta fi amfani ita ce: me mai fasahar ya zaɓa ya nuna, me ya ara, me kuma ya ƙi ɓoyewa alhali yana da ikon ɓoye shi? A tambayi fuska, ba laifi, amma a tuna cewa fuskar da ke jikin ƙyalle mai birnin ne ya zana ta, kuma ya san za a tambaye ta.